Gwiwar Magini da Rufin Ɗakin Inna

Da sunan Allah nake farawa, wanda ya tashe ni bayan na zauna. Sunana Mutari, magini ne ni ɗan magina, a unguwar Birni ta Damagaram. Da girmana na shiga makarantar yaƙi da jahilci, kuma na rubuta wannan da hannuna saboda masu aikin ƙarfi irina, waɗanda za su bugu a gwiwa su ce ai gobe zai wuce.

Ginin ƙasa muke yi a gidanmu. Magini yana hawa kan bango ya zauna, ƙafa ɗaya ciki ɗaya waje, na ƙasa yana jefo masa tubali da curin ƙasa, shi kuma yana cafewa yana jerawa. Yayana Lawali shi ne babban gida, amma jiki ya yi masa nauyi, ya daina hawa, daga ƙasa yake duba aiki yana faɗa. 'Ya'yanmu sun koma aikin bulo da siminti, wasu sun yi arewa neman abinci. Ni kaɗai na rage mai hawa.

Bayan girbi na yaye rufin ɗakin mahaifiyarmu, Inna, don gara ta cinye azarar, damina biyu yana yoyo. Niyyata in ƙara wa bangon tsawo, in sa sabuwar azara, in rufe kafin zafi ya shigo. Inna ta kwashe kayanta ta koma ɗakin matata Zainabu, ni kuma na ɗauki tabarmata na koma zaure.

Ina kan bangon ɗakin nan wata safiya, Habu, wanda ya daɗe yana yi mini jifa, ya jefo tubali daidai lokacin da na waiga ina amsa sallamar maƙwabci. Tubalin ya same ni a ƙirji, na sulluɓo. Bangon ba shi da tsawo sosai, amma wanda ya san Birni ya san duwatsunta. Akwai wani a gindin bangon, a kansa ƙoƙon gwiwata ta dama ya sauka. Na ji zafin har cikin haƙorana.

Abin da na yi bayan nan sai ɗan gidanmu zai gane shi. Na miƙe, na kaɗe rigata, na kama tsani na koma kan bango, na ce wa Habu ya ci gaba da jifa.

Dalili kuwa, duk yaron da zai fara hawa a gidanmu ana ba shi magani, ya sha ya yi wanka. Baba ne ya ba mu ni da Yaya. An ce wanda ya sha, ko daga ina ya faɗo ƙashinsa ba ya karyewa, muddin bai ci ƙafar dabba ba, wannan ne sharaɗin. Kowa a unguwa ya san labarin ranar da Baba ya faɗo daga saman benen wani attajiri, ya tashi yana tambayar inda hularsa ta faɗi. Da wannan labari muka girma, da shi kuma mutane suke ba mu aiki. Saboda haka magini a gidanmu ba ya ɗingishi a gaban jama'a.

A makon farko gwiwar ta kumbura ta yi sumul, ba a ganin ƙoƙon. Zainabu tana gasa mini da ruwan zafi safe da yamma, tana shafa man shanu. Abin da ya yaudare ni shi ne yanayin aikinmu. In ina zaune kan bango, ƙafa tana lilo, ba na jin komai, sai in ce na warke. Wajen saukowa daga tsani ne nake ganin taurari da rana. A masallaci kuma na kasa naɗe ƙafar wajen zaman tahiya, na koma ƙarshen sahu inda zan miƙe ta ba tare da na tokari kowa ba.

Mako ya zagayo, kumburi bai saɓe ba. Na sayi ƙwayoyi wajen masu yawo da magani a kan tire. In na haɗiya zafin yakan kwanta, in hau in yi aiki kamar lafiyayye, da yamma gwiwar ta dawo ta fi jiya girma, ta yi ɗumi. Sai kuma ta fara wani sabon hali. Ina tafiya lafiya lau, sai ta noƙe kamar an daki bayanta da sanda. Ranar da ta yi mini haka a kan tsani, Habu ne ya tare ni da kafaɗarsa. Yaya yana tsaye yana kallo.

Da aka tashi daga aiki ya biyo ni zaure, ya zauna, ya rage murya.

"Mutari, tsakaninka da Allah, ka ci ƙafar saniya?"

"Ban ci ba, Yaya."

"Walimar gidan Alhaji fa? Na ga an fito da farfesu."

"Kai ma ka ci farfesun nan, har ka nemi ƙari."

"Ni ai na daina hawa," in ji shi. "Ka tuna da kyau. Maganin Baba ba ya ƙarya. In ba ka karya sharaɗi ba, to targaɗe ne, jini ne ya kwanta."

Ya kawo wanzami har zaure, aka saki labule, aka yi mini ƙaho a gefen gwiwar. Baƙin jini ya fito, kowa ya ce madalla, ciwon ya fita. Bai fita ba. Wata gwaggonmu ta aiko cewa akwai mai sakiya a Dakusa, yana ƙona ƙarfe ya huda wurin ruwan ya tsiyaye. Har Yaya ya fara neman mota, Zainabu ta ce ba da ita ba, in an kai ni can a nemo mai jinya. Wani ya ce sanyi ne. Wani ya ce baki ne, tunda ni kaɗai na rage ana gani a sama. Na sha sassaƙe, na sha rubutu, na ɗaura ganye. Duk wanda ya kawo nasa da kyakkyawar niyya ya kawo, kuma ina yi musu godiya, amma wata guda ya wuce da kwanaki ina nan yadda nake. Bango ya kai inda nake so, azara tana jingine a tsakar gida, na kasa hawa in ɗora ko guda.

Wata rana da la'asar muna tsakar gida, Inna tana kan tabarma tana tsince wake, Zainabu ta ce, "Yaya, a yi haƙuri, ni dai ina ganin a kai Malam asibiti."

Yaya ya ce, "Ki san abin da kike faɗa. A ga ɗan gidan nan a layin masu karaya? Gobe wa zai kira mu aiki? Sai a ce maganin ya mutu da mai shi."

Inna ba ta ɗago kai ba. Ba ta faɗin sunan Yaya tunda shi ne ɗan fari, ni kuma Auta take ce mini har yau da furfurata.

"Kai Babba, shekararka nawa lokacin da ubanku ya faɗo daga benen nan?"

"Ina yaro, amma na tuna. Ya tashi ya nemi hularsa."

"Ya nemi hula, haka ne. Bayan nan fa?"

"Ya tafi aiki Garagumsa."

"Garagumsa," in ji Inna, ta watsar da tsakuwar da ta tsinto. "Garagumsar tana cikin ɗakin can da Auta ya yaye. Ya shigo gida da ƙafarsa yana dariya, yana wuce zaure ya zube. Wata uku yana kwance a ƙuryar ɗaki, ku kuna wajen kakarku, ni nake kwashe masa komai. Duk wanda ya yi sallama in ce yana Garagumsa. Kun taɓa ganinsa ya durƙusa a gaban wani bayan nan? Kuka ce girman kai ne. Ƙafar ce ba ta lanƙwasuwa."

Inna ta ci gaba da tsintar wakenta, sannan ta ce, "Na yi jinyar ɓoye sau ɗaya, ba zan sake ba. Gobe ku kai mini yaro wajen likita."

Yaya bai raka mu ba, amma shi ya aiko da adaidaita ƙofar gida da sassafe.

Asibiti wuri ne da ke koya wa mutum haƙuri. Ni da Zainabu mun tarar da layi ya kai bakin bishiya, kuma ba na iya tsayuwa, ba na iya tsugunawa, benci ya cika. Wata mata da ta zo daga Hamdara da ɗanta mai karyayyen hannu ta janye buhunta ta ba ni wuri, Allah ya saka mata. Da muka shiga, likita ya taɓa gwiwar, ya sa na kwanta, ya ce in ɗaga ƙafar a miƙe. Na ɗaga da ƙyar, gumi yana keto mini. Ya tura mu ɗaukar hoton ƙashi, wanda suke kira radiyo. Muna isa can kuran, wato wutar lantarki, ya ɗauke, muka zauna har azahar, aka ce mu dawo gobe. Na ce wa Zainabu na fasa. Ta ce to, ta ɗauki takalmana ta riƙe a hannu har muka hau adaidaita, washegari kuma ita ta tashe ni.

Likita ya ɗaga hoton wajen haske ya nuna mini wani siririn layi da ya ratsa ƙoƙon gwiwar.

"Wannan muke kira fisir," in ji shi. "Tsaga ce. Malam Mutari, an ce kai magini ne. In bango ya tsage, aka shafe shi da yaɓe, aka ci gaba da ɗora masa kaya, me zai faru?"

Na ce, "Tsagar za ta buɗe."

"Haka kake yi wa gwiwar nan tun ranar da ka faɗo. Duk hawa da sauka jan tsagar kake yi. Ka yi sa'a ba ta rabu biyu ba. Da ta rabu, sai an yi maka aiki an ɗaure da waya."

Ya ga tabon ƙahon ya tambaya, na faɗa masa, har da maganar sakiya. Bai yi faɗa ba. Ya ce da an huda gaɓar da ƙarfe, ƙwayar cuta ta shiga, da yanzu maganar ceton ƙafa ake yi, ba maganar hawa tsani ba. Sannan ya faɗi abin da na riƙe, wanda saboda shi nake wannan rubutu. Ya ce ba kowace buguwa ce ke buƙatar asibiti ba, wata hutu da ɗan sanyi a wurin sun isa. Amma in kumburi ya kwana biyu ko uku bai fara saɓewa ba, ko mutum ya kasa taka ƙafar, ko ya kasa ɗaga ta a miƙe, kada ya jira. Haka in gwiwa tana noƙewa da kanta ko tana ƙagewa. In kuma ta yi zafi da ja, ga zazzaɓi, to ranar nan za a zo, ba gobe ba. Ya ce iya tafiya ba shaida ce ta cewa ƙashi lafiya yake ba, kuma ƙwayar da ke kashe zafi ba ta ɗinke tsaga, rufe wa ciwon baki kawai take yi. Na lissafa a raina, kusan duk alamun nan na gan su, na wuce su da ƙafata.

Aka sa allura aka zuƙe ruwan da ya taru, jaja-jaja, nan take na ji gwiwar ta saki. Sai majo, ma'aikacin jinya, ya naɗe ƙafar da farin abin nan da ke daskarewa, daga cinya har idon sawu. Na kalli yadda yake shafawa da tafin hannu na ce in ya gaji da asibiti ya zo, akwai aiki. Ya ce shi ba ya hawa sama, ya ga abin da sama take yi wa mutane.

Wajen wata ɗaya da rabi na yi a zaure da ƙafa a miƙe kamar azara. Ba a ɓoye ni ba, Inna ta sa aka ɗage labule. 'Yan unguwa suna shigowa dubiya, wasu da addu'a, wasu da tsokana. Wani abokin wasana mahauci ya zo da ƙafar saniya a leda, ya ce tunda an riga an karye ai sai a ci. Habu kullum sai ya zo ya zauna yana neman gafara, har na ce masa in ya sake faɗa zan sa shi ya biya kuɗin allura. Aiki ya tsaya, abinci bai tsaya ba. Zainabu ta sayar da akuyarta ba ta faɗa mini ba, shirun turken ne ya sanar da ni. Da zafi ya fara shigowa, ƙaiƙayi ya kama ni a cikin ɗaurin inda hannu ba ya kaiwa. Na nemi tsinke, majo ya riga ya gargaɗi Zainabu, ta kwashe duk wani tsinke da ke kusa da ni.

Ina tsammanin ranar cire ɗauri ita ce ranar warkewa. Ashe ita ce ranar da na fi karaya a zuci. Sabon hoto ya nuna tsagar ta haɗe, amma ƙafar da ta fito ba tawa ba ce. Cinyar ta tsotse, fatar tana saɓa, gwiwar ta ƙi lanƙwasuwa ko kaɗan. Na tuna maganar Inna a kan Baba.

Likita ya haɗa ni da mai motsa gaɓoɓi, wanda suke kira kine. Mutum ne mai fara'a da hannun da ba ya jin roƙo. Yakan kama ƙafar ya lanƙwasa har in ce ya isa, ya ce to, ya ƙara kaɗan. Ya koya mini abin da zan riƙa yi a gida: in kwanta in matse cinya, in ɗaga ƙafa a miƙe, in zauna bakin dakali in ja ta baya da zani. Daga baya na ɗaura mata ɗan buhun yashi. Ina da ƙorafi a nan, ba zan ɓoye ba. Sau da yawa mukan je a ce kine yana wani ɗakin, mu yi rabin yini muna jira saboda aikin da bai kai dahuwar shayi ba. Amma duk mako gwiwar tana ba da ɗan wuri. Ranar da na naɗe ta a zaman tahiya, ko da ba daidai ba, na daɗe ban tashi daga wurin ba.

Ana haka zafi ya kai ƙarshensa, iska ta fara juyawa, da yamma ana ganin walƙiya can nesa ta gabas. Ɗakin Inna yana buɗe, sama kawai a kansa. In ruwan farko ya same shi haka, bangon da na ɗora zai jiƙe ya zube. Yaya ya kawo shawarar a buga kwano a huta.

Inna ta ce, "Ni matar magini, uwar magina, in kwana a ƙarƙashin kwano kamar buhun siminti? In zafi in dahu, in ruwa in kurumce?"

"To a kira wani magini daga Zango."

"Auta ya buɗe, Auta zai rufe."

Na kai wa kine maganar. Ya ce ba hadari ne zai ba ni izini ba, ƙafa ce. Ya kai ni bakin matakalar asibiti ya ce in hau in sauko da ƙafar dama a gaba, ba tare da na dafa ba. Na hau, wajen saukowa ta yi rawa. Ya ce saura. Na ji haushinsa ƙwarai, na koma gida na ci gaba da ɗaga buhun yashi. Wannan karon na jira, kuma jiran nan ya fi mini faɗuwar wuya. Mako biyu bayan nan na sake gwadawa, na sauko tsaf, ya sa na maimaita har na gaji, gwiwar ba ta noƙe ba. Ya ce in hau, amma da sharaɗi: tsani mai ƙarfi da mutum riƙe da shi, babu tsalle, babu durƙuso a kan gwiwar, in ta kumbura in sauko in huta.

Yaya ne ya riƙe tsanin da kansa. Na taka mataki na farko ina sauraron gwiwar kamar mai sauraron motsi a ɗakin da ba kowa. Ta yi shiru. Na kai sama na zauna, na ga rufin maƙwabta da duwatsun Birni, abin da na yi wata da watanni ban gani ba. Habu ya ƙi jifa, sai miƙowa yake yi da igiya, har na ce masa da wannan tafiyar sai kaka za mu gama. Muka jera azara, muka shimfiɗa zana, muka zuba ƙasa muka daddaɓe, muka kafa indararo. Da rana in sauko in miƙe ƙafa a inuwa a gaban kowa. Wani mai wucewa ya ce ashe 'yan gidan nan ma suna karyewa. Yaya ya ce, "Suna karyewa, suna kuma komawa sama. Ɗaga kai ka gani."

Har yau gwiwar takan yi mini magana in na daɗe a tsaye, kuma likita ya ce da na zo a makon farko da jinyar ba ta kai rabin haka ba. Ina gode wa Allah, ina gode wa Zainabu da duk wanda ya taka ya zo dubiya. Wanda ya bugu, ya duba alamun da na faɗa, kada ya bari kunya ta zaɓa masa magani.

Yaɓen bai gama bushewa sosai ba ruwan farko ya zo, da la'asar, da iska mai ƙarfi. Inna ta riga ta mayar da gadonta da tukwanenta. Na shiga na zauna a ƙasa kusa da ƙofa, na miƙe ƙafa, mu biyu muka zuba wa azara ido. A waje indararo yana zuba kamar ana juye tulu. Na bi kowace kusurwa da kallo ina jiran ɗigo. Ruwa ya yi ta dukan rufin har tsakar gida ta cika, ƙasan ɗakin kuwa a bushe.

Inna ta gyara matashinta ta kwanta, ta juya mini baya.

"Auta, tashi ka koma ɗakin matarka," in ji ta. "Ka tare mini ƙofa da ƙafa."

Na dafa ƙasa zan miƙe, sai na ga ba na buƙata. Na tashi da gwiwata, na fita cikin ruwan.